Rariyar da Na Sa wa Akwatin Baba

Litinin, 3 ga wata, shida da rabi na safe

Jiya da yamma muka dawo da Baba daga asibiti. Kwana biyu ya yi. Likita ya ce jininsa ne ya hau, kuma in ana so ya daɗe tare da mu, a raba shi da duk abin da zai tayar masa da hankali. Yana faɗa yana kallona, sai ka ce ni na aiko da saƙon.

Saƙon imel ne ya kayar da shi. Wani marar tsoron Allah ya turo hoton mutum kwance a gadon asibiti, an naɗe masa kai da bandeji, wai ƙanena Auta ne. Ba shi ba ne. Ko kunnen mutumin ba irin na gidanmu ba ne. Amma kafin in fito daga kicin, Baba ya riga ya zame daga kan kujera.

Shekara guda da wata biyu ke nan da Auta ya bar gida. Ba zan rubuta abin da ya faru a falo ranar ba. Bayan Inna, Allah ya ji ƙanta, Baba ya sa cigiya a jarida da intanet, ya rubuta adireshin imel ɗin gida a ƙasa, wanda Autan ne ma ya buɗe musu tun yana sakandare. Tun daga ranar babu ɗan damfarar da bai san mu ba.

Da a ce Baba share su yake yi, da sauƙi. Amsawa yake yi, kowanne ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan waya, kuma a wurinsa duk wanda ya fara da sallama sai an amsa masa. Da yatsa ɗaya yake bugawa, tabarau a ƙarshen hanci. Na taɓa leƙawa na ga ya rubuta wa wani: "Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na gode. Ba ni da buƙatar maganin tsiro da gashi a halin yanzu."

Na ce, "Haba Baba! Waɗannan ba mutane ba ne, na'ura ce ke watso su."

Ya ce, "Uwata, in ɗaya cikin ɗari mutum ne fa? In wannan ɗayan shi ne fa?"

Na ƙyale shi a lokacin. Yanzu ina da amsa. Ba zan zauna ina kallo kwamfuta ta kashe mini uba ba.

Talata, 4 ga wata, ɗaya na rana

A wurin aiki na bar tagar ba da magani a hannun abokiyar aikina, na gangara ɗakin Injiniya, matar da ke kula da kwamfutocinmu. Tana cin abinci a kan tsofaffin takardu, ƙafa ɗaya a kan kwali. Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ga fuskata ta daina.

Ta ce, "Mai magani, duk amsar da ya bayar, faɗa musu yake yi cewa akwai mai rai a gidan. Shi ya sa suke ƙaruwa. Filta za ki sa."

Ta yagi bayan kwalin magani ta rubuta mini. Na farko, in yi wa kowane saƙon banza alama, don akwatin ya koyi kamanninsu. Na biyu, in toshe adireshin masu naci. Na uku, in kafa ƙa'ida: duk saƙon da ke ɗauke da kalma kaza ya wuce akwatin tarkace kai tsaye. In duk wannan bai isa ba, in yi jerin mutanen da muka sani, su kaɗai za su shigo.

Ta ɗaga cokali ta nuna ni da shi. "Amma akwai wani wuri da aka ce a goge nan take. Kada ki taɓa shi. Ki bar su su yi kwana talatin a tarkace, ki riƙa leƙawa. Na san halinki, ba ki da haƙuri."

Na ce na ji. Rariya ce dai, in ji ni a raina, kuma ba yau na fara tankaɗe ba.

Talata, 4 ga wata, bayan la'asar

Baba yana barci, maganin yana sa shi. Na zauna a teburin falo na shiga akwatin. Kalmar sirrin ba ta canza ba tun da Auta ya sa ta. Na buga ta da sauri, ban so in kalli hannuna ba.

Saƙo dubu biyu da wani abu. Na yi ta latsa alama har yatsana ya sage. Na toshe adireshi tamanin da bakwai. Ban gaya wa Baba ba, kuma ba zan gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Laraba, 5 ga wata, bakwai na safe

Jiya sittin da uku suka shigo. Yau goma sha ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, biyar na yamma

Goma sha ɗayan nan su ne mafi sharri, don su ne masu kiran sunan Auta. Cikakken sunansa suke rubutowa, yadda yake a cigiyar, har da sunan kakanmu. Mu a gida ba mu taɓa kiran sa haka ba.

Na kafa ƙa'idoji. Duk saƙon da ke da "ɗanku", ko "gaggawa", ko "na gan shi", ko "asibiti", tarkace. Daga nan na ga abin ba zai ƙare ba, yau su ce ɗanku gobe su ce yaronku. Sai na yi na ƙarshen. Na rubuta jerin sanannu: Goggo, ƙanwar Baba. Malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu. Abokan aikin Baba su uku. Ni. Tsohon adireshin Auta, wanda ya daina aiki tun watan da ya tafi, amma na sa shi duk da haka.

Mutum bakwai. Duk wanda ba ya cikin bakwai ɗin nan, ba zai ga idon Baba ba. Na kuma ɓoye akwatin tarkacen daga gefen allo, sai wanda ya san inda zai latsa.

Da na gama na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Irin daɗin da nake ji in na jera kwalaben magani kowacce a layinta.

Asabar, 8 ga wata, sha ɗaya na safe

Yanzu ni ce ke karanta su. Kowace safiya kafin Baba ya fito, kofin shayi a hannu, ina leƙa tarkace kamar yadda Injiniya ta ce. Matar wani marigayi mai dukiya tana neman amintacce. Na ci wata gasa da ban shiga ba. Wani malamin duba ya ga Auta a mafarki, yana tsaye bakin ruwa. Wani ya gan shi a tashar mota, wani a gidan yari, wani a wata ƙasa yana wankin motoci. A rana guda ƙanena yana wuri huɗu.

Goggo ta zo duba Baba. Ta same shi a gaban kwamfuta, ta ce, "Yaya, kai da wannan akwatin naka! Likita ya ce ka huta, kai kuma kana nan kana zawarcin ɓarayi."

Ya ce, "Ai sun yi fushi da ni. Kwana biyu ba wanda ya rubuto."

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya raka taki gona."

Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa. Ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar nan, ke ma kin rame. Kina barci kuwa?" Na ce ina yi. Ta ce, "Abin da ya wuce ya wuce, ba ke kika kore shi ba." Ban tambaye ta wa ya ce ni na kore shi ba.

Litinin, 10 ga wata, bakwai saura na safe

Ba zan kwafo wanda na karanta yau ba. Ya ce gawa ce, ya faɗi inda aka tsince ta, ya kwatanta rigar. Da hotuna uku. Na buɗe na farko.

Ba shi ba ne. Na san ba shi ba ne. Amma ɗan wani ne, kuma na gani, ba zan iya cire shi daga idona ba. Na tsaya a bakin famfon kicin ina wanke kofi ɗaya, ban san sau nawa ba.

Na dawo na shiga wurin ƙa'idojin. Na latsa a goge nan take. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, ta ce abin da aka goge ba ya dawowa. Na ce mata na tabbata.

Ni ma mutum ce. Wa ya ce ni zan riƙa shanye wannan guba kowace safiya?

Laraba, 12 ga wata, shida na yamma

Na dawo daga aiki na tarar da Baba a kujerarsa, ya yi tagumi a gaban allo. Akwatin fes, babu ko ɗaya. Yana latsa wurin sabuntawa, ya jira, ya sake latsawa.

Na auna jininsa. Ya sauka sosai, bai taɓa yin kyau haka ba tun bara. Na nuna masa lambar, na ce, "Ka gani ko?" Ya ce, "Na gani, Uwata." Bai kalli na'urar awon ba.

Juma'a, 14 ga wata, bakwai na safe

Na yi barci. Babu komai a akwati. Daidai na yi.

Lahadi, 16 ga wata, goma na safe

Yau ya tambaye ni kai tsaye.

"Uwata, anya na'urar nan ba ta lalace ba?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To ina mutane suka shiga? Ko a gidan waya, ranar da aka fi ƙarancin wasiƙu, ba a rasa guda biyar a buhu."

Na ce, "Sun gaji ne. Sun ga ba za su samu komai a wurinka ba."

Ya goge tabarau da bakin riga. Can ya ce, "Ashe har maƙaryata suna gajiya da mutum."

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ido da ido ba sai yau. Gaskiya ma nake faɗa masa fiye da kima, wannan ne aibina, kowa a gidan nan ya sani. Da na iya riƙe bakina ranar da na ga wata takarda a jakar Auta, da na same shi mu biyu maimakon in kai falo in ajiye a gaban Baba.

Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 20 ga wata, biyar da rabi na yamma

Ashe Baba bai yarda da ni ba. Ya taka har gidan malamin makaranta, ya roƙe shi ya turo masa saƙo don gwaji. Malam yana cikin mutum bakwai ɗina, don haka saƙon ya shigo. Kalma biyu ne: "Gwaji ne."

Baba ya amsa masa da shafi guda. Ya gaishe shi, ya gaida iyalinsa, ya tambayi ɗalibai, ya yi masa addu'a. Mutumin da katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi, muna jin tarinsa.

Da na shigo ya ce, "Kin yi gaskiya, na'urar lafiyarta ƙalau." Ya kashe ta da kansa. Bai taɓa kashe ta da rana ba.

Asabar, 22 ga wata, takwas na safe

Bai kunna ba yau. Ya sha shayi rabin kofi ya koma ɗaki. Jininsa lafiya lau.

Jininsa lafiya lau, na ce.

Talata, 25 ga wata, huɗu na yamma

Daga asibiti suka kira ni. Wai ranar ganin likitan Baba jiya ce, an matso da ita, kuma sun turo saƙo sau biyu ta imel. Na buɗe baki zan yi masifa, na ce ba mu ga komai ba, sai na tuna. Ba sa cikin bakwai. Kuma ga kalmar asibiti da na haramta da hannuna.

Na ba su haƙuri, aka ba mu wata ranar. Na zo gida na cire gogewar nan take, na mayar da shi kamar da, su zauna a tarkace kwana talatin. Kwana goma sha biyar na bar shi a kunne. Na sa asibitin a jeri, sun zama takwas.

In Injiniya ta ji, sai ta ci ni da tsiya. Ba zan gaya mata ba.

Juma'a, 28 ga wata, bakwai da kwata na safe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saƙon yana cikin tarkace, tsakanin tallar agogo da wata mai neman amintacce. Adireshin baƙo ne, haruffa da lambobi. Babu take. Saura kaɗan in wuce shi. Zan kwafe shi duka a nan, don hannuna ya samu abin yi.

"Assalamu alaikum Baba. Wannan shi ne na huɗu. Makonni biyu da suka wuce wani ya nuna mini cigiyar, na rubuto washegari, na sake, na sake. Na san ka, Baba. Ko wanda ya yi kuskuren adireshi kana amsa masa. Tunda ni ban samu amsa ba, na gane, kuma ban ga laifinka ba. Ba zan ƙara damun ku ba. Lafiyata ƙalau, ina aiki. A gaida Inna, a ce ta yafe mini. A gaida Sajan."

Sajan ni ce. Babu wanda ke kira na haka a duniya sai shi, tun yana ɗan shekara shida ina sa shi wanke hannu sau biyu kafin ya ci abinci. Sunan ba ya cikin cigiya, ba ya cikin kowace takarda.

Yana raye. Ya rubuto sau uku, ni na goge.

Kuma yana gaida Inna.

Juma'a, 28 ga wata, sha biyu da rabi na rana

Na je ɗakin Injiniya, na rufe ƙofa, na gaya mata komai. Ba ta yi mini tsiya ba, da ma ta yi. Ta shiga akwatin daga kwamfutarta, ta duba kwandon shara, ta duba wurin maido da abin da aka goge, ta duba wani wurin da ban ma san da shi ba. Ta fi rabin awa.

Ta ce, "Mai magani, sun tafi."

Na ce, "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ba zan taɓa sanin abin da ya rubuta a na farkon ba. Wataƙila dogo ne. Wataƙila a ciki ya faɗi duk abin da ya kasa faɗa a falo. Yaron da ba ya iya ba da haƙuri ko an tsare shi da bulala, ya zauna ya rubuta sau uku.

Injiniya ta ce, "Ki amsa masa yanzu, ga kwamfuta." Na ce ba ni ya rubuto wa ba.

Asabar, 29 ga wata, shida na yamma

Ban faɗa ba. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ɗakinsa. Ina tsoron jininsa. Ƙarya nake yi, fuskarsa nake tsoro.

Lahadi, 30 ga wata, sha ɗaya na safe

Na ba shi maganinsa, na jira ya karya, na kunna kwamfutar da kaina. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, "Baba, na yi maka laifi, kuma akwai albishir. Ka bari in fara da laifin."

Na faɗa masa duka, tun daga bayan kwalin magani har zuwa kwana goma sha biyar. Bai katse ni ba. Sannan na buɗe saƙon. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan allo yana bin layi, leɓensa yana motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba.

Na kawo na'urar awon jini. Ya ture hannuna, a hankali.

Ya ce, "A gidan waya muna da wata durowa. Wasiƙar da ruwa ya cinye adireshinta, ko wadda mai ita ya tashi, can muke sa ta. Wata ta shekara goma. Ban taɓa ganin wanda ya jefa ko ɗaya a shara ba, don ba tamu ba ce."

Na ce, "Baba, tsoro na ji. Na ga ka faɗi."

Ya ce, "Na sani. Da ke ce kika faɗi, wataƙila da na yi abin da ya fi haka. Amma Uwata, ba ke za ki zaɓa mini wanda zai yi mini ƙarya ba. Na san ƙarya suke yi. Kina tsammani ban sani ba? Ina buɗewa ne don wata rana."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, shi kuma ya dafa kaina yana kallon allo.

Lahadi, 30 ga wata, bayan la'asar

Ya ce yatsansa ba zai iya ba yau, ni in buga shi ya faɗa.

"Wa alaikas salam, Auta. Yau saƙonka ya iso hannuna, na huɗun. Ukun farko sun ɓata a hanya, ban gan su ba. Wallahi ban gan su ba."

Na tsaya. Na ce, "Ba a hanya suka ɓata ba. Bari in rubuta yadda aka yi." Ya ce wannan tsakanina da ƙanena ne, in sa a ƙasa da sunana. Ya ci gaba. Ya ce maganar da ya faɗa ranar, ya janye ta, ya daɗe da janye ta, bai samu wanda zai gaya wa ba ne. Ya ce gida gidansa ne.

Sai muka iso kan gaisuwar Inna. Na daina bugawa.

Na ce, "Baba, kada mu faɗa masa yanzu. Yana can shi kaɗai, ba mu san halin da yake ciki ba. Mu bari ya zo tukuna. Mu ce kowa yana gaishe shi."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Kin sake ɗauko rariyar taki."

Ko kwana ɗaya ban yi da durƙusawa ba.

Ya ce, "Uwarsa ce. Rubuta."

Wata biyar ke nan ban rubuta kalmar ba, ko a littafin nan. Na rubuta ta yau. Inna ta rasu. Baba ya faɗi ranar, ya faɗi cewa ba ta sha wahala sosai ba, ya faɗi cewa ta yafe masa tun kafin ya roƙa, a gabanmu, da bakinta. Wannan gaskiya ne, ina wurin.

A ƙasa na sa nawa. Layi huɗu. Na ce ni na goge, na faɗi dalili, ban nemi ya ga dalilin ba. Na sa hannu da sunan da yake kira na.

Baba ne ya latsa aikawa.

Litinin, 1 ga wata, bakwai na safe

Na cire jerin sanannu, na cire ƙa'idojin kalmomi. Na bar wadda akwatin ke yi da kansa, ta masu tallar agogo da magani, na kuma dawo da akwatin tarkacen inda Baba zai gan shi, na nuna masa yadda ake shiga. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya buɗe hoto sai ina kusa. Ya ce ya yarda da wannan.

Arba'in da biyu suka shigo. Babu nasa.

Talata, 2 ga wata, shida na yamma

Babu.

Laraba, 3 ga wata, ɗaya na rana

Babu. Ya ce ba zai ƙara damun mu ba. In ya rufe adireshin fa? In ya karanta ya kai layin Inna ya kasa ci gaba fa? In ya kai nawa layin fa?

Na ba wata mata maganinta na manta ban gaya mata sau nawa za ta sha ba, sai da na bi ta har bakin titi.

Juma'a, 5 ga wata, bakwai da rabi na safe

Na kunna kwamfutar don ta yi zafi kafin Baba ya fito. Yana nan a sama, na farko a layi. Haruffa da lambobin nan. Wannan karon da take, kalma ɗaya: Baba.

Hannuna yana kan linzamin kwamfutar. Latsawa ɗaya ce. Na ce a raina bari in fara dubawa, in da abin da zai tayar masa da hankali in san yadda zan shirya shi.

Na ɗauke hannuna. Na je na ƙwanƙwasa ƙofarsa na ce, "Baba, kana da wasiƙa."

Ya fito ba hula. Na ja masa kujera, na koma bakin ƙofar kicin na tsaya, inda ba na hango allon. Ya daɗe yana karantawa, da alama doguwa ce. Sau biyu yana cire tabarau yana mayarwa. A wani wuri ya yi 'yar dariya, a wani wuri ya rufe fuska da hannu. Ban tambaya ba. Ruwan shayi ya tafasa ya ƙone a bayana ban motsa ba.

Da ya gama ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, makullin ɗakinsa yana wurinki?"

Na ce yana wurina.

Ya ce, "To a buɗe tagogin, ɗakin ya sha iska kafin Lahadi."